Jar Ummi, Wadda Aka Ɓoye wa Baƙi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Kalilu Dankure, direba a wani kamfanin dakon kaya da ke Birnin Kebbi, nake sanar da 'yan'uwa direbobi, makanikai da masu lodi rasuwar motata, Jar Ummi. Ta rasu a fadamar bayan Argungu, cikin ruwa, ita kaɗai, lafiyarta ƙalau.

Marigayiya babbar mota ce mai bodin katako. Ta tsufa tana ɗaukar shinkafar Zauro da albasar Aliero, ba ta taɓa zubar da buhun kowa a hanya ba. Da safe takan yi tari, kuhu, kuhu, sannan ta ce gurrr, kamar dattijuwar da aka tasa ba ta gama lazimi ba. Aibinta ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi ba ko yau: tana da hayaƙi. Wanda ya bi bayanta daga Kalgo zuwa Jega da farar riga, sai ya sake wanki.

Ciwon ajalinta daga ofis ya taso. Kamfani ya yi wa abokan hulɗarsa na waje alkawarin rage hayaƙin motocinsa saboda ɗumamar yanayi. Aka zana koren ganye a ƙofar gareji, aka raba mana huluna. Da aka ce baƙi za su zo su gani da idonsu, manajanmu Malam Munzali ya tara mu ya yi dogon bayani. Na zauna na saurara har ƙarshe. Karatuna na girma ne, na ajin yamma, amma na gane inda aka dosa: sababbin motoci su tsaya a gaba a wanke, tsohuwa kuwa a kai ta inda ido ba ya kaiwa. Ya zaɓi gonar surukinsa a fadama, saboda mangwarori sun kare ta daga titi. Tsakiyar damina ce. Na kai ta, na kashe, aka karɓe makullin don kada tausayi ya sa in tashe ta.

Baƙi suka ɗage zuwansu, suka sake ɗagewa, wai ambaliya ta ɓata hanya. Wagga ambaliya ita ta iske Jar Ummi. Ruwan Rima ya fara da tayoyi, ya shiga ta salansa, ya cika inji, ya hau kujerata ya zauna. Ko tari ba ta yi ba.

Da baƙin suka iso, aka kai su bakin gada suka ga yadda ruwa ya cinye gonaki. Suka girgiza kai, suka yaba wa kamfani da ya farga da wuri. Jan rufinta yana can nesa yana leƙowa. Malam Munzali ya tsaya ta wannan gefen, ya baza babbar rigarsa.

Marigayiya ta bar sababbin motoci, waɗanda yanzu suke sawu biyu a kan kayan da take kwashewa sau ɗaya, ba mai ce musu komai tunda nasu hayaƙin ba shi da launi. Ta bar janaretan ofis, ƙaninta a wajen tari, wanda aka lulluɓe da tamfol ranar baƙi, ya tsira. Ta bar tarwaɗar da ta tare a cikinta. Sama'ila masunci ya shaida mini har ta yi ƙiba. Ta kuma bar ni. An sanar da ni cewa mutuwarta ta cika kashin farko na alkawarin, ba za a maye gurbinta ba, kuma direba motarsa yake bi. Malam Munzali ya samu ƙarin girma. Muna taya shi murna.

Za a yi jana'iza idan ruwa ya janye. Tarakta za ta jawo ta, 'yan gwangwan su yanka ta nan bakin fadama. Mahauta sun riga sun nemi tayoyin don babbake kawunan shanu. Kamfani ya roƙi kada kowa ya ɗauki hoto.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakina na bayan gareji, kafin ƙarshen wata. Ɗakin na kamfani ne. Wanda ya zo bayan nan ya tambayi maigadi inda na nufa. In na sani, zan bar masa saƙo.