Yadda Za Ka Zaɓo wa Surukinka Madabod Alhali Ba Ka San Komai Ba

Ni Tseng, mai sayar da silifas a Taipei, na ba ka tabbaci: bi matakan nan, kafin la'asar surukinka zai ɗauke ka injiniya. Na gwada a kan nawa, Baba Kuo, ranar da kwamfutarsa ta ƙi tashi, saura kwana biyu ya buga wasan ƙarshe a gasar darar da tsofaffin unguwa ke yi ta intanet.

1. Kada ka ce ba ka sani ba

Buɗe cikin kwamfutar, ka leƙa, ka ja tsaki. Ka ce, "Baba, madabod ne." Shi ne babban allon da komai ke manne a jikinsa, ka ga ko ka kuskure ba ka yi nisa ba. In matarka ta ce, "Kai da rimot ma yake ba ka wahala?" kamar yadda matata Pei-shan ta ce min, yi tari.

2. Shiga kasuwa da fuskar masana

Ɗaga allon sama, ka auna shi a tafin hannu, ka shinshina. Mai nauyi shi ne mai aminci. Ni na gano wannan, a wajen sayen kankana.

3. Kada ka kira gida

Mai shagon, Anti Lo, ta tambaye ni, "Samari, wace manhaja ce ke tafiyar da kwamfutar tsohon?"

Na ce, "Baƙa ce, mai fanka."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Sabon allo ba ya shiri da manhajar da ta tsufa fa. Kira gida ka tambaya."

Masani ba ya tambaya. Na zaɓi mai fitilu kala-kala.

4. Kunna shi a gaban jama'a

Baba ya tara abokan dararsa uku, aka zuba shayi. Na ɗaura sabon allon, na jefa tsohon a kwandon shara, na danna makunni. Fitilu suka kama, tsofaffi suka yi tafi. Sai dai babu sauti, babu intanet, linzamin kwamfutar ya ƙi motsi. A nan ka ce, "Ita da allon gaisawa suke yi, Baba, ba su saba ba."

Bayan minti arba'in Baba ya ce, "Ko a gidan makoki ba a wannan gaisuwar."

5. In an cece ka, gyaɗa kai

Surukata ta fito daga kicin tana goge hannu. "Matsa, ɗan nan." Ta ɗauko tsohon allon daga kwandon shara, ta ɓalle wani ɗan batiri kamar kwabo, ta sa na sikelin awon fulawarta, ta mayar da komai inda yake. Kwamfuta ta tashi garau.

"Shekara ashirin da biyu ina haɗa waɗannan a masana'anta," in ji ta. "Gidan nan ba mai tambayata sai in gishiri ya ƙare."

Ka ce, "Abin da nake shirin yi ke nan, Mama." Kada ka kalli matarka.

Gargaɗi

Babu ruwan marubuci da duk abin da ya biyo baya, har da kashin da Baba Kuo ya sha a wasan, wanda ya rantse fitiluna ne suka kashe masa ido. Mai ƙorafi ya same ni a kicin ɗin Mama. An ba ni ɓarar tafarnuwa har sabuwar shekara, kuma an ce kada in taɓa tukunyar shinkafa, tunda tana da wayar lantarki.