Rasuwar Famfon Man Motar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta ƙi ɓoyuwa, Auta, malamin makarantar nan mai tsohuwar farar mota, a madadin mahaifiyarsa Inna da yayyensa da uwar 'ya'yansa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa sa hannu aka tura, rasuwar Famfon Mai na motar marigayi Babansu. Ya cika ranar Talata da hantsi a tsakiyar hawan gada, bayan jinyar mako bakwai. Ya yi shekara ashirin da uku cikin tanki, kuma tun ranar da Baba ya sa shi bai ƙara ganin hasken rana ba sai da aka ciro gawarsa.

Marigayin ba mai son a gan shi ba ne. Fitila ta haska a yaba mata, ham ya yi tsawa a ba shi hanya, shi kuwa yana can ƙarƙashin kujerar baya, nutse cikin fetur, yana tura wa inji abincinsa. Motar ba irin ta da ba ce da za a tsiyaya wa mai a kafireto ta tashi. Mai injekta ce. In famfo bai turo mai da ƙarfi ba, ko wa ya murɗa makulli ba inda za ta. Ya kai amare, ya kai masu naƙuda, ya kai Baba asibiti tafiyarsa ta ƙarshe, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Magana ɗaya ce tak a bakinsa duk tsawon rayuwarsa. In aka murɗa makulli rabi, kafin a tayar, sai a ji shi daga baya: “Ziiiiii... tak.”

Baba ya kira wannan gaisuwa, ya kuma kafa mata doka biyu. Ta farko, ba a tayar da mota sai famfo ya gama gaisuwarsa. Ta biyu, allurar mai ba ta sauka ƙasa da kwata, domin man da famfo ke turawa shi ne ke sanyaya masa jiki. A ƙarƙashin tagar Inna motar ke kwana. Kowace safiya Baba zai murɗa makulli, famfo ya yi zii ɗinsa, a cikin wannan ɗan tsakanin Baba ya ɗaga murya ya ce sai ya dawo, Inna ta amsa daga ɗaki da a dawo lafiya, sannan inji ya kama.

Shekara shida ke nan da rasuwar Baba. Idon Inna ya tafi, kunne ne ya rage mata. Amma ko safiya ɗaya ba ta fasa ba: da famfo ya yi zii, sai a ji ta ta taga tana cewa a dawo lafiya. Auta, wanda ya gaji motar don shi ne ya zauna a gidan, bai taɓa cewa komai a wannan tsakanin ba. Ya san amsar ba tasa ba ce, rakiya kawai yake samu a cikinta.

Dokar farko Auta ya riƙe ta gam. Ta biyun ce ya ci amanarta, kuma ya ce a rubuta haka ƙarara, kada a yi masa kara. Mutum ne mai ƙin layi. In ya hango motoci uku a gidan mai sai ya ce gobe ma rana ce. Jar fitilar mai ta zama abokiyar tafiyarsa, har ya san kilomita nawa za ta ɗaga masa ƙafa, yana ma yi wa malaman makarantarsu alfahari da haka. Uwar 'ya'yansa ta yi magana har ta gaji. Shi kuwa marigayin yana can ƙasan tanki yana lasar gindi, yana haɗiyar tsatsa da datti, jikinsa na zafi, bai kai ƙara wurin kowa ba.

Ciwo ya fara da sauyin murya. Zii ɗin nan mai santsi ya koma “Zrrr... zrrr... ziii.” Inna ce ta fara ji. Ta aika a tambayi Auta ko motar mura take yi. Ya yi dariya. Daga nan mota ta soma shaƙewa a kan hawa, tana tari in an taka ta. Wata safiya aka murɗa makulli, shiru. Wani maƙwabci direban haya ya ba da magani: a bugi gindin tanki da sifanar taya yayin da wani ke murɗa makulli. Aka gwada, famfo ya farka. Wayyo, da ma bai farka ba, da an kai shi gareji tun ranar! Mako bakwai cur Auta na durƙusawa da wandon aikinsa yana dukan mai jinya, uwar 'ya'yansa na murɗa makulli tana tsaki, Inna na jira a bayan taga har sai zii ɗin ya fito ta amsa.

Ranar Talata a kan gada famfo ya ce “Zii,” gajere, bai kai ga tak ba. An buga, an sake bugawa. Iyali na godiya ga bayin Allah huɗu da suka tura motar zuwa gefe, har da wanda ya yi ta zagi yana turawa.

Bakanike, tsohon da ya san motar tun tana hannun Baba, ya duba fiyus, ya bi waya, ya kara kunne a bakin tanki, ya kwance tiyo, ko ɗigo bai fito ba. Ya leƙa ya ga lotsawar da sifana ta yi wa gindin tanki, ya ɗago ya dubi Auta. Abin da ya faɗa kawai shi ne irin wannan famfon tsufa ba ya kashe shi, ƙishi ne. Ya kawo shawarar a yanka ƙasan mota a ƙarƙashin kujera a zaro shi cikin awa ɗaya, kamar yadda ake yi yanzu. Auta ya ce ya dai doke shi da rai, ba za a yanka motar Baba a kan gawarsa ba. Aka zuƙe ɗan man da ya rage, bai cika galan ba. Aka wuni ana fama da notuna masu tsatsa har tanki ya sauko. Da bakanike ya goge ƙurar murfin famfon, sai ga kwanan wata da farin fenti, rubutun Baba, da bakwai ɗinsa mai lanƙwasa kamar lauje. Auta ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi kuka, da furfurarsa da komai.

Marigayin ya bar injekta huɗu, da batir, da allurar mai wadda ta ga komai ta kuma faɗa ba a saurare ta ba. Filta, abokiyar zamansa, an same ta a toshe, an cire su tare. Magajinsa sabo ne fil, mai ƙarfi, bugu ɗaya mota ke tashi. Ba shi da laifin komai, sai dai ba a jin motsinsa ko kaɗan.

Ranar Alhamis da safe Auta ya murɗa makulli a ƙarƙashin taga. Shiru a baya, shiru a ɗaki. Ya jira, ya tayar, ya tafi aiki. Da azahar Inna ta tambayi surukarta ko lafiya yau ba a fita ba. Da aka yi mata bayani sai ta ce to, ya tafi ke nan. Ba ta faɗi wa take nufi ba, ba a kuma tambaye ta ba.

An yi wa marigayin wanka da kananzir a gareji, an naɗe shi da tsumman da Baba ke goge gilashi. Masu sayen tsofaffin ƙarafa su yi haƙuri, ba za a ɗora shi a sikeli ba. Za a ajiye shi ranar Asabar ta mako mai zuwa a akwatin kayan aikin Baba, tare da murfin mai rubutu. Maimakon zaman makoki, ana roƙon duk mai mota ya ratsa gidan mai yau, ko layin ya kai ina.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida da safe. Wanda ya zo ya iske Auta zaune a mota, makulli a murɗe, inji bai tashi ba, kada ya ce a kawo sifana, kada ya ƙwanƙwasa masa gilashi. Motar lafiyarta ƙalau, tanki cike yake. Kwana uku ke nan yana sauke gilashi ya ce wa Inna sai ya dawo, amsa yake jira.