Karkataccen Layin Da Na Ja Wa Majalisa

Ranar Litinin da biyar saura na yamma na tsunduma cikin magudanar ruwan gefen hanya, ni da kekena da cukun da matata Tineke ta aike ni in sayo. Kada wanda ya yi dariya. Lokacin sanyi ne, kun san duhu ba ya jira a tashi daga aiki.

Tun ina yaro likitan ido ya ce ina da astigmatizim. Wai gaban idon mutane zagaye yake kamar ƙwallo, nawa kuwa bayan cokali ne. Da rana tabarau yana rufa min asiri. Amma duhu ya yi, yayyafi ya jiƙa gilashin, sai kowace fitila ta fito da gashin baki da jela. Shekara arba'in dabarata ɗaya ce: ba na kallon fitila, farin layin gefen hanyar keke nake bi har ƙofar gida.

Sai masu girma na majalisar garinmu, Allah ya ƙara musu basira, suka sabunta hanyar. Suka dasa fitilu masu canza launi, suka ƙi mayar da farin layin, wai yana ɓata tsari.

Na shiga gida ina ɗigar ruwa. Tineke ta dube ni sama da ƙasa.

"Ina cukun?"

"Agwagi suna godiya."

Ta miƙo hannu. "Makullin keken, Wiebe. Ran da layi ya dawo ka karɓa. Ban shirya takaba ba."

Jama'a, a ƙasar nan a raba mutum da kekensa? Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da gemuna na koma jiran bas tare da tsofaffi masu dogara sanda.

Ranar Laraba aka kira taron jin ra'ayin jama'a. Kun san shi: kofi ɗaya, biskit ɗaya, minti uku, an kuma gama yanke shawara tun bara. Mai Girma Sarkin Fitilu, wato jami'in majalisa mai kula da fitilun, ya haska hoton hanyar a bango, kowace fitila da haskenta ya baje kamar tauraro.

"Wannan ƙyallin," in ji shi, "sai da muka ɗauko ƙwararru daga waje."

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, ai da kun tambaye ni. Haka nake ganin kowace fitila tun haihuwa, kuma kyauta. Layi kawai nake roƙo."

Ya yi murmushi, ya ce shawara ce mai daraja, za a kafa kwamiti ya duba ta zuwa bazara. Zuwa bazara! Lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, wa ke neman layi?

A hanyar dawowa maƙwabcina Jelle, tsohon mai fenti, ya ce, "Kai dai ba ka san mutanenka ba. Ina da ragowar farin fenti. Gobe da safe mu ja layin da kanmu."

"To kai za ka ja, hannunka ya saba."

"Ina! In na ja shi a miƙe, kwamitinsu zai goge. Kai za ka ja. Cire tabarau ma."

Na cire. Na duƙa na ja layi tun daga gada har kwanar coci, a idona ya miƙe sambal. Da na mayar da tabarau sai na ga hanyar tsutsa. Jelle ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

Mutanenmu za su haƙura da haraji, su haƙura da ruwan sama wata shida, amma karkataccen layi a gaban gidajensu? Mutanen da ke aske shingen furanni da igiyar awo? Kafin azahar, in ji wata ma'aikaciya, wayar majalisa har zafi ta yi. Suka zo gogewa, ashe fentin Jelle na jirgin ruwa ne, ya kama kwalta gam. Washegari da sassafe sai ga mota da ma'aikata huɗu, suka bi ta kansa da sabon layi, fari tas, mai kauri don ya rufe abin kunyar, miƙaƙƙe har ƙofar gidana. Babu kwamiti, babu biskit.

Tineke ta fita ta duba da idonta, ta dawo ta ajiye makullin kusa da kofina.

"Cuku," ta ce. "Kuma wannan karon a kawo shi gida."

Jiya na ga Sarkin Fitilu a jaridar unguwa, tsaye kan layin, yana bayanin yadda majalisa ke sauraron jama'a. Na cire tabarau don in gan shi da kyau, sai ya zama su biyu. Na yi maza na mayar, guda ɗayan ma ya ishe mu.