Kwamfutoci Talatin da Suka Mutu a Takarda

Akwai wani mutum a garin nan da ya yanke wa kwamfutoci talatin hukuncin kisa alhali lafiyarsu ƙalau, ya kuma sa hannu a takarda cewa gawarsu ya tarar. Da rana tsaka ya yi, a gaban shaidu, har da mai ɗaukar hoto. Ba zan kama sunansa ba, ba kuwa don tsoro ba. In na kama, sauran irinsa za su ɗauka sun tsira. Mu kira shi Mai Girma Sarkin Sito, Allah ya ƙara masa makullai.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne. A aji huɗu na bar makaranta, sauran abin da na sani a jarida da rediyo na tsince shi. Ban san kwamfuta ba. Amma na shekara talatin ina kwance ƙarfe ina ɗaurawa, kuma na san bambancin abin da ya mutu da abin da aka gaji da shi.

Ƙanwata, autarmu, malama ce a wata cibiyar koyar da sana'a ta hukuma. Ajinta mutum talatin ne, duk manya: direbobi, teloli, masu jiran shago, da wata dattijuwa da ta rantse sai ta rubuta wa jikokinta wasiƙa da hannunta. Kowa da kwamfutar tafi-da-gidanka guda a gabansa, tsofaffi, masu kauri da nauyi. Saura mako uku su yi jarrabawar da za a ba su takardar shaida. Wanda bai zauna ba sai baɗi, kuma a dokar cibiyar, ajin da bai kai kowa jarrabawa ba rufe shi ake yi.

A daidai nan ne kamfanin da ya yi babbar manhajar kwamfutocin, wato wadda ke tafiyar da komai a cikinsu, ya ce ya daina kula da ita. Dama sun yi sanyi, in ka kunna ɗaya sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Sarkin Sito ya ji labari, ya yi farin ciki irin na wanda aka yi wa haihuwa. Ya cika fom, ya buga hatimi: duka talatin sun mutu, a sayo sababbi. Yaushe sababbin za su iso? Ana kan aiki. Ku da kuka taɓa bin layi a ofis kun san tsawon "ana kan aiki".

Auta ta zo shagona da guda ɗaya a cikin jaka, idonta ja.

"Yaya, aji na zai rufe."

Na ce ta daina kuka a gaban mutane, na kai ta shagon da ke jikin nawa. Dogo ne a ciki, mai gyaran kwamfuta. Shekara goma sha biyu muna maƙwabtaka, ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba sai lokacin tashi. Ya juya ta ya dubi bayanta, ya yi tsaki.

"Mai Keke, zo ka ƙirga. Noti nawa ka gani?"

"Goma."

"To duk abin da aka ɗaure da noti, wanda ya ƙera shi ya yarda ka shiga. Wannan ba ta mutu ba. Kaya aka ɗora mata fiye da ƙarfinta."

Ya kwance ta a gabana, ya hure ƙurar da ta toshe fankar ciki, ya mayar. Sannan ya soka mata wani ɗan filashi, ya ce zai sauke mata tsohuwar manhajar ya ɗora wata. Wai mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta, suka bar ta a buɗe. Kowa ya ɗauka, kowa ya leƙa cikinta, wanda ya iya ya gyara.

Ni ban yarda da kyauta ba, domin duk wadda aka taɓa yi mini sai da na ga igiyarta daga baya. Na ce, "Su kuma me suke ci?"

Ya ce, "Kai da kake nuna wa kowane tela yadda zai saita zarensa don kada ya dawo gobe ya dame ka, me kake ci?"

"Wannan daban."

"Daban ɗin me? Rowa ce kawai ba ka iya ba, sai faɗa."

Ya ce a watan nan kaɗai ya sa wa mai kemis, da wani ofishin lauya, da makarantu biyu. Mutane sun gaji da jefar da abin da bai lalace ba. Kafin mu gama gardama kwamfutar ta tashi. Auta ta buga sunanta, haruffa suka fito tun kafin ta ɗaga yatsa. Ta yi dariya, irin wadda rabon da in ji daga bakinta tun tana yarinya.

Washegari na rufe shago na raka ta wurin Sarkin Sito, don ina so in ga fuskar mutum idan aka dawo masa da mamacinsa da rai. Ofishinsa na da kalanda uku, kowace da shekararta. Ga kujera mai juyawa, ga fanka a kansa shi kaɗai, ga fayil a tule har taga. Makullai kuwa a ƙugunsa kamar mai gadin kurkuku.

Auta ta ajiye ta a kan tebur, ta kunna. "Ranka ya daɗe, ga ta, ta tashi."

Bai dubi fuskar kwamfutar ba. Ya juya ta, ya karanta lambar da ke bayanta, ya buɗe fayil.

"Lamba ta goma sha bakwai. Wannan ta mutu tun ranar huɗu ga wata."

"Ga ta tana aiki, ranka ya daɗe."

"Malama, ni da takarda nake aiki, ba da ido ba. Wa ya ba ki izinin tayar da ita?"

Bai jira amsa ba, ya ɗora.

"Kuma wannan abin da kika zuba mata, wane kamfani ya kawo? Ina takardar kwangila? In ta lalace wa za mu kama?"

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ranka ya daɗe, wadda kuka sayo da kwangila, da ta lalace wa kuka kama?"

Ya dube ni daga hula zuwa takalmi. "Wane ne wannan?"

"Yayana ne."

"To Yaya ya jira a waje."

Na jira a waje. Auta ta fito da takardar tuhuma a hannu: ta yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa ta taɓa kayan hukuma da aka riga aka tabbatar da mutuwarsu. Jama'a, ku sake karanta wannan layin. Ni sau uku na karanta, ina neman inda hankali ya ɓuya a ciki.

Na ga hoton sababbin da yake son sayowa manne a bayan ƙofarsa. Sirara ne kamar faranti, masu sheƙi. Dogo ya ce ba noti ko ɗaya a jikinsu, gam ne. Ranar da batir ya kumbura, a jefar, a cika sabon fom. Sai na gane abin da ya sa manyanmu ke ƙaunarsu. Abin da ake gyarawa ba ya kawo kwamiti, ba ya kawo tafiyar duba kaya, ba ya kawo bikin yanke ƙyalle. Mai gyara maƙiyinsu ne, ko da bai taɓa zaginsu ba. Su kansu ofisoshin da gam aka haɗa su, ba ta inda talaka zai kwance ya ga abin da ya toshe.

Auta tana da taurin kai, gadon gidanmu ne. Ta ce ai a ƙa'ida, kafin a lalata kayan da aka ce sun mutu, sai kwamiti ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. In suka ga duka talatin na aiki, ba su da bakin magana. Kwana huɗu Dogo ya bar shagonsa yana zuwa ajin, shi da ita suna kwancewa suna hurewa suna ɗora sabuwar manhaja. Ɗaliban ma suka karɓi sukundireba. Wani direba ya ce ashe cikinta bai kai injin mota rikici ba.

Ranar kwamiti na je. Ku da ba ku taɓa ganin yadda hukuma ke binne kayanta ba, ga yadda ake yi. Ana jera su a kan dogon tebur a harabar sito. A danna maɓalli. In abu bai tashi ba, a shafa masa jan fenti, kafintan ofis ya huda shi da injin huda don kada wani ya amfana, sannan a yi hoto. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci.

Aka danna ta farko, ta tashi. Ta biyu, ta tashi. Ta uku ma haka. 'Yan kwamiti suka fara kallon juna, ɗaya ya cire tabarau ya goge. Ɗaliban da ke tsaye a inuwa suka fara tafi.

Sarkin Sito bai girgiza ba, kuma dole in yaba masa, domin ba kowa Allah ya ba irin wannan ƙarfin hali ba. Ya ce batir kaya ne daban, da lambarsa daban a fayil, don haka a cire kowane batir a ajiye gefe kafin a gwada. Irin waɗannan kwamfutocin kuwa, sakata biyu za ka ja batir ya fito. Sauƙin da aka yi domin mai gyara, shi ya zama wuƙar yanka. Cikin minti goma batir talatin na cikin kwali.

Auta ta ce, "To a jona su da wuta, ranka ya daɗe."

"Fom ya ce a danna maɓalli. Bai ce a jona wuta ba."

Aka danna. Ba wadda ta tashi. Kwamiti ya tabbatar, baki ɗaya, cewa sun mutu.

Kafinta ya kama aiki. A rufe yake huda su, ta tsakiya, ƙarfen ya bi ta gilashi ya fasa allon ciki. Dattijuwar nan da ke son rubuta wa jikokinta wasiƙa ta gane tata, domin ta manna mata ɗan ƙyalle a gefe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce da Sarkin Sito, "Ɗana, Allah ya ba ka abin da kake so, ya kuma bar ka da shi." Ya ce amin.

A kan ta goma sha tara mai hoto ya ce ya samu abin da yake buƙata. Manya suka shige ciki shan lemo, suka bar kafinta ya ƙarasa. Dogo ya matsa kusa da shi.

"Maigida, fom ya ce a ina za a huda?"

"A jikin kaya."

"Ya ce a rufe?"

Kafinta ya yi tunani. "Bai ce ba."

"To buɗe ta, ka huda nan kusurwar dama, inda ake sa faifai a da. Ba komai a wurin sai iska."

Kafinta ya waiga, ya ga ba kowa. Ya ce hannunsa ma dama ya gaji da tsakiya. Haka goma sha ɗaya suka samu jan fenti da rami, amma da ransu. Da yamma aka watsar da duka a bayan sito, har da kwalin batir, domin abin da hukuma ta huda ya tashi daga nata, sai mai gwangwan ya zo ya kwasa. Auta ta riga shi.

Ranar jarrabawa mutum talatin suka zauna a kan kwamfuta goma sha ɗaya, rukuni uku, daga safe har la'asar. A ranar ne Babbar Darakta ta zo daga hedikwata don a ɗauke ta hoto da ɗalibai. Ta tsaya a kan dattijuwar nan, wadda ke buga rubutu a wata kwamfuta mai jan fenti, ana hango tebur ta ramin da ke jikinta.

"Baba, me ya sami wannan?"

"Mutuwa ta yi, 'yata. Hukuma ta tabbatar."

Ashe wata biyu ke nan da hedikwata ta aiko da takardar umarni cewa duk kwamfutar da za ta gyaru a gyara ta, a ɗora mata buɗaɗɗiyar manhaja, kamar yadda wasu cibiyoyi suka riga suka fara. A aljihun teburin Sarkin Sito aka same ta, ambulan ɗin ko yagewa ba a yi ba.

Mutum ashirin da shida suka ci jarrabawa, har da dattijuwar. Aji bai rufe ba. Takardar tuhumar Auta kuwa tana nan a fayil ɗinta, an ce janye ta sai kwamiti ya zauna. Goma sha tara ɗin nan mai gwangwan ya auna su a sikeli ya tafi da su.

Mai ɗakina ta ce in daina ɗaga murya a kan abin da ba nawa ba, hawan jini ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Na ce mata ai yanzu na huce, tunda an yi adalci. An binciki Mai Girma Sarkin Sito, an same shi da laifi, an kuma hukunta shi. An ba shi takardar gargaɗi mai layi biyu, an karɓe makullan sito daga ƙugunsa, an tura shi kwas na wata uku a otal kan amfanin gyaran kaya da buɗaɗɗiyar manhaja. Ranar Litinin zai tafi, da direba.