Ranar da Na Raka Akuya Gida

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da wata jar akuya ba. Har yau in na tuna ta sai na ji zuciyata ta tafasa, kuma abin takaicin shi ne ban san wa zan fi jin haushi ba, ita, ko abokina Ɗanlami, ko ni kaina.

Ƙauyenmu yana gefen Tofa, inda gona ke manne da gona, ko yawu ka tofar sai ya sauka a kan shukar wani. Da aka haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a bayan gari, sai muka haɗu muka yi lambu guda na jama'a, aka yanka wa kowane gida fangalinsa. Ruwa kuwa bi da bi ne, yau layinku, gobe na wasu. Ni tela ne, amma a shekarar nan na ɗauki lambu da zafi fiye da keken ɗinkina. Na shuka alayyafo da salak, har na yi wa wata mai sayar da abinci a Rijiyar Zaki alkawarin zan riƙa kai mata ganye idan azumi ya kama. (A shago ma na fara kiran kaina Sarkin Lambu, ba wanda ya naɗa ni.)

To, a wajenmu da damina ake ɗaure dabbobi. Da zarar an kwashe amfanin gona sai a sake su su yi ta gararamba. Lambu kuwa da rani ake yin sa, wato daidai lokacin da kowace akuya a garin take ganin duniya tata ce. Mun yi shingen ƙaya, amma shingen namu na ganin ido ne.

Wata safiya na je na tarar an aske mini rabin alayyafo, an bar mini tsirarun kara da kashin awaki. Alayyafon da nake tashi in duba tun kafin in karya! Da la'asar aka yi taron masu lambu a gindin mangwaro, Malam Sabo, dattijon da muka ba shugabanci, ya ce a yi haƙuri, kowa ya kawo ƙaya a ƙara wa shinge. Ban bari ya rufe baki ba na miƙe.

"Wallahi Malam, haƙurin nan naku ne ya lalata garin nan! Mu da muke wahala mu ne za mu ƙara wahala, masu awaki suna kwance? A sa doka. Duk gidan da aka kama dabbarsa a lambu, a hana shi ruwa sai layi ya zagayo sau biyu."

Malam Sabo ya ce, "A wannan zafin? Ai shukar mutum ƙonewa za ta yi."

"Ta ƙone! Gobe ya san inda zai ɗaure dabbarsa."

Ɗanlami, wanda fangalinsa ke jikin nawa, ya ce, "To in mutum ya ɗebo a bokiti daga gida fa?"

"Ko da cokali ne ban yarda ba!"

Aka yi dariya, aka kuma amince. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Daga ranar na rufe shago da rana tsaka na koma gadi. Masu ɗinki suna zuwa suna komawa, ni ina tsugune bayan zogale da igiya a hannu. Ba a jima ba kuwa Allah ya kawo ta: ja, ƙosasshiya, ta tura kai ta ƙasan ƙaya kamar gonar ubanta. Na bari sai da ta sa baki a salak ɗina sannan na yi tsalle na cafke ƙafarta ta baya. Ta ja ni a cikin taɓo, na ja ta, rigata ta yage a hammata, amma na ɗaure ta.

Haka na janyo ta har ƙofar gidan mai unguwa, ita tana ihu ni ina ihu. Kafin mu isa jama'a sun cika. Mai unguwa ya tambaya ko akwai wanda ya san mai ita. Kowa ya ce bai san ta ba. Na ga Ɗanlami ya leƙa ta, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai yana gyara hula. (Na ɗauka tausayina yake ji. Mugu!)

Mai unguwa ya ce, "Abu mai sauƙi. A kwance ta, mu bi ta. Ita ta san gidansu."

Aka kwance ta, ta girgiza jiki ta kama hanya, mu kuma muka bi ta a baya kamar masu rakiyar amarya, ni ne a gaba. Kuma bakina bai yi shiru ba. Na ce mai akuyar nan azzalumi ne, ba ya tsoron Allah. Na ce ɗan baƙin ciki ne, ya ga ganyena ya yi kyau ya turo ta da gangan. Da muka wuce injin niƙa na ga mata suna leƙowa, sai na ƙara murya: "Wanda bai iya riƙon akuya ba, ina zai iya riƙon 'ya'ya? Ku je ku duba 'ya'yan gidan, za ku ga haka suke, ba tarbiyya!"

Sai akuya ta karya kwana ta shiga wani lungu. Nan muryata ta fara raguwa, domin na san lungun sarai, shekarun baya kullum da yamma nan nake zuwa zance. Ta tsaya a ƙofar wani gida tana shinshina, na yi ta addu'a a zuci ta shiga. Ta ɗaga kai ta wuce. Ba ta tsaya ko'ina ba sai zauren Inna, mahaifiyar matata Hadiza.

Matar da tunda na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. Matar da in na hango ta a hanya nake cire takalmi in durƙusa. Katangar gidan kuma gajeriya ce, babu kalmar da ba ta tsallaka ba.

Inna ta fito da mayafi, ba ta ko dubi inda nake ba. Ta gaishe da mai unguwa, ya yi mata bayani yana kame-kame. Ita ma tana da fangali a lambun, na rama da zogale, kuma tun rasuwar mijinta da shi take rufa wa kanta asiri. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce a hankali, "To ranka ya daɗe, a hana ni ruwan. Tunda an ce ban iya riƙon akuya ba, balle 'ya'ya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai a lokacin Ɗanlami ya ga damar buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, akuyar nan fa ba ta Inna ba ce, kiwo aka ba ta. Tare muka je kasuwar Bici da telan nan ya sayo wa Hadiza ita tana 'yar ƙarama. Shi ya ce a kawo ta nan, wai za ta ci masa yadin mutane."

Wallahi haka aka yi. Ni na saya, ni na kore ta, ban kuma sake tambayar ko tana raye ba.

Mai unguwa ya juyo gare ni. "To Sarkin Lambu, ta wane gida ce? Ruwan wa za a tsayar?"

Ina durƙushe, da yagaggiyar riga da taɓo har gwiwa, na ce, "Tawa ce."

"Ba mu ji ba."

"Tawa ce, ranka ya daɗe!"

Malam Sabo ya so a yi mini sassauci, jama'a suka ce atafau, doka doka ce, ai wanda ya kawo dokar ma yana nan. Haka na riƙa tsayawa ina kallon ruwa yana bi ta gefen fangalina yana shiga na Ɗanlami, alayyafona yana yin rawaya yana kwanciya. Rannan na zo da buta zan yi alwala, wani ya ɗaga murya daga nesa wai a duba ko cokali na ɓoye a aljihu. Kafin layina ya dawo babu abin da ya rage sai busasshen kara. Mai abincin Rijiyar Zaki kuwa ta samu ganyenta da azumi, Ɗanlami ne yake kai mata a babur.

Hadiza ta yi kwanaki ba ta ce mini komai sai "ga abinci". Na ɗauki dattawa muka je ba Inna haƙuri, ta ce, "Ba komai, Allah ya yi muku albarka," ta kuma sa aka ɗaura wa akuyar igiya aka miƙo mini, wai in je in gwada nawa riƙon. Tana nan a gidana yanzu, ta haihu, ta kuma ci hannun rigar wani ango.

Har yanzu ina zuwa taron lambu, amma a baya nake zama. In aka ce wa ke da shawarar doka, sai in kama duban takalmina. Kuma duk dabbar da na gani a shukata, kafin in ce uffan game da mai ita, gida nake fara zuwa in tambayi Hadiza ko muna da dangantaka.