Kawaicin Da Na Yi A Ofishin Lauya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da Yaya Sani ya kai ni ofishin lauya ba. Yaya shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya jawo ni Kuala Lumpur karatun digiri na uku, a ɗakinsa na unguwar Danau Kota na fara sauka. Da likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, suka ce bayan aikin tiyata mai yiwuwa ya daɗe bai iya magana ba, sai suka ba shi shawara ya naɗa wakili tun yana cikin hayyacinsa: wanda zai yi magana da likitoci a madadinsa, ya kuma kula da shagonsa na yadi a titin Jalan Masjid India. Matarsa ta rasu, 'yarsa ba ta gama sakandare ba. Kowa ya san ni ne.

Ni ma na sani. Shi ya sa na saka babbar riga a wannan zafin (a cikin jirgin ƙasa wata yarinya har hotona ta ɗauka). Muka tafi da maƙwabcinsa Bitrus, mutumin Jos, wanda zai tsaya a matsayin shaida.

Lauyar, wata Bamaleshiya mai fara'a, ta yi bayani dalla-dalla, sannan ta dube ni ta ce da Turanci, "Yayanka ya zaɓe ka. Ka yarda?"

To ni fa ɗan gidan mutunci ne. A wurinmu ko limancin sallah aka tura ka gaba, sai ka ja baya tukuna, a sake tura ka, sannan ka shige kana sunkuyar da kai. Ina ni ina cafke dukiyar Yaya a tambayar farko, kamar dama jira nake ya kwanta? Na gyara zama na ce, "A'a, ni ban isa ba. Wannan nauyi ya fi ƙarfina."

Ta ajiye biro. "Ka tabbata? Ba a tilasta wa kowa."

Nan ya kamata in yi shiru. Amma bakina ya ji daɗin tawali'u, sai na ƙara masa gishiri: ga karatu ya sha min kai, ga malamina ya matsa, ga iyali. Duk ina zuba ina satar kallon Yaya, ina jiran ya daka min tsawa ya ce, "Kai Auta, sa hannu mu tafi."

Bai daka ba. Ya kalli tafin hannunsa, sannan ya ce a hankali, "Gaskiyarka ne. Na ɗora maka da yawa." Ya juya. "Bitrus, kai fa?"

Bitrus ya amsa da "to" irin ta 'yan ƙasar: "Boleh lah, Oga Sani. No wahala, zan yi."

Shi ke nan. Bai ja baya ba, bai sunkuyar da kai ba. Lauyar ta gyara sunaye, kuma da yake shaida ya zama wakili, aka rasa shaida. Ni da babbar rigata na sa hannu a ƙasa cewa na gani da idona. Gumi yana bin bayana duk da sanyin na'ura, kuma kunya ta hana ni in ce, ku tsaya, ba haka nake nufi ba.

Washegari na same shi a gida na ce kawaici ne kawai. Ya yi murmushi ya ce, "Bar shi, Auta. Abin da ka faɗa ai ba ƙarya ba ne." Abin da ya fi ci min rai ke nan. Karatun gaskiya ne, iyalin gaskiya ne, ban ƙirƙiro ko ɗaya ba.

Bayan an yi masa aikin, duk sanda likita ya leƙo ya ce ina wakilin mara lafiya, sai in miƙe zumbur, in tuna, in koma in zauna. Bitrus ya riƙe amana, ba ya yanke komai sai ya ce, "Malam, me ka gani?" Da ya ci amanar ma da na samu wanda zan ji haushi. Haka na zama mai ba da shawara a kan ran ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya.

Da bakin Yaya ya fara dawowa, kalma ɗaya-ɗaya yake jawowa da ƙyar. Ranar nan ya kama hannuna, na matso da kunne ina zaton ruwa yake so. Ya ce, "Ka yafe min. Bai kamata in tambaye ka a gaban mutane ba."

Na fita baranda na yi kuka kamar yaro. Abin da na koya, kuma na biya shi da tsada: kawaici da mai lafiya ake yinsa, shi ke da ƙarfin sake roƙonka. Mara lafiya sau ɗaya yake iya tambaya.