Makullin Sef Rashid

Duk faɗin Damagaram babu wanda ya san salula kamar Sef Rashid. Ban ce da bakina ba, shi ya faɗa mana, kuma mutum ne da ba ya gajiya da maimaita gaskiya. Kamfaninmu na raba irin hatsi yana da ƙaramin biro, wato ofis, a bakin Birni, da salula goma sha biyu da aka ba ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka. Dukansu a hannunsa suke. Daga kujerarsa yana iya kulle kowacce, ko tana Garagumsa. Mukan kira shi Sarkin Makullai, shi kuma yana amsawa da fara'a, don ya ɗauka naɗi ne.

"Ku salula kuke riƙewa," yakan ce, yana gyara karabat ɗin da ya ɗaure a wuya a cikin zafin Zinder, "ni kuwa ransu nake riƙe da shi."

Wata Litinin Barira, mai rubuta sunayen manoma, ta dawo daga wani ƙauye na Droum da hawaye. Salularta ta faɗi a hanya, kuma a cikinta take da sunayen gidaje arba'in da uku da za su karɓi iri. Ba a ɗora buhu a mota sai da suna. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Sef bai razana ba. Ya tara mu a bayan ordinatarsa, wato kwamfuta, ya ɗaga yatsa ɗaya sama kamar mai shirin kabbara, ya danna.

"Na kulle ta. Na sa mata sabuwar kalmar sirri da Hausa tsantsa. Ɓarawon Paris ma ya zo ya gwada."

Ranar Alhamis, ranar tashin motar iri, sai ga wani dattijo ɗan ƙauyen mai suna Inusa ya sauka daga kabu-kabu, da salular a naɗe cikin hularsa. A bakin gonarsa ya tsince ta. Barira ta yi ta godiya. Aka sa wa salular wuta, ta farka, ta nemi kalmar sirri.

"Minti ɗaya," in ji Sef.

Ya aika mata umarni daga ordinatar. Shiru. Ashe tun da ta mutu a gona ba za ta kama rezo na sadarwa ba sai an buɗe ta da hannu. Sef ya yi mana bayanin wannan na kusan rabin awa, da Faransanci mai yawa, ta yadda muka kusa yarda cewa laifin na gonar ne. Sannan ya juya mana baya ya rubuta kalmar. Salula ta ƙi. Ya goge gilashinta da karabat ya sake. Ta ƙi, ta ce a jira minti biyar. Ya sake, ta ce a jira awa guda.

Direba ya fara matsa oda a waje. Madam Wasila, shugabar biron, ta fito daga ɗakinta.

"Rashid, faɗi kalmar kowa ya ji."

"Madam, ƙa'idar tsaro ba ta..."

"Faɗi."

Ya dubi silin, ya dubi takalminsa. "Ƙwararre," ya ce a hankali.

Babu wanda ya yi dariya, don mu mutane ne masu tarbiyya. Barira dai ta sa mayafi a baki. Madam ta karɓi salular ta duba haruffan da ke kan gilashi. Na Faransanci ne kaɗai. A ordinatarsa Sef yana da ƙa mai ƙugiya, da ita ya kulle. Salular kuwa, matuƙar tana kulle, ba ta san da wannan harafi ba, kuma ba za a iya sa mata shi ba sai an buɗe ta.

Dattijo Inusa ya gyara zama, ya dubi Barira. "'Yata, wai sunayen mutanenmu ne suka maƙale a ciki? Ɗauko takarda."

Ya fara daga gidan da ke bakin rijiya, ya bi gari gida-gida, har da gwauruwar da ke bayan masallaci. Barira ta ƙirga, arba'in da uku cif. Madam ta sa hannu, aka fara lodin buhuna.

Sef yana nan tsaye da salular, kalmar da ya rubuta ta ƙarshe tana kan gilashi. Madam ta leƙa ta karanta yadda take: "Kwararre."

Dattijon, da ya riga ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo da tausayi.

"Kwararre kuma? Allah sarki, ɗana. Mu can wajenmu, ɗakin da iska ta ɗauke wa jinka muke ce wa haka."